Lambar Dantse da Hujin Kunne: Yadda Aka Ga Bayan Agana da Bushiya

Duk wanda ya haura shekara 50 a ƙasashenmu, idan ya naɗe hannun rigarsa ya dubi dantsensa, galibi zai iske wani kewayayyen tabo kamar an danna sisi a kan fata, wanda iyayenmu suka sani da sunan lamba. Haka kuma wanda ya yi wayo a ruga, ko ya saba shiga kara a farkon zamanin mulkin kai, da wuya ya manta da shanun nan masu hudajjen kunne, waɗanda malaman dabbobi suka yi wa shaida bayan sun soka musu allura. Mai kallo zai zaci ba abin da ya gama alamomin nan biyu, tun da ɗaya a jikin ɗan Adam take ɗaya kuwa a jikin dabba, alhali kuwa tabon yaƙi guda ne, domin a cikin dukan cututtuka masu yaɗuwa da Allah Ya jarrabi bayinSa da dukiyoyinsu da su, biyu ne kaɗai zuwa yau masana suka tabbatar an kawar da su daga doron ƙasa, watau agana, wadda aka yi shelar ƙarewarta a 1980, da bushiya, annobar shanu, wadda aka yi shelar tata a 2011. Nufina a nan in bi sawun binciken da ya kai ga haka, musamman ta wajen bushiya, wadda labarinta ya shafe mu ƙwarai amma ba a cika ba da shi ba.

Agana tsohuwar cuta ce, har babban likitan nan na Musulunci, Abubakar ar-Razi, ya wallafa risala a kanta fiye da shekara 1,000 da suka shige, inda ya bambanta ta da ƙyanda. Takan kashe kimanin 3 daga cikin kowane 10 da ta kama, wanda ya tsira kuwa ta bar masa zanzana a fuska, wani ma ta tafi da idanunsa. To, amma tun da daɗewa mutane suka lura cewa wanda ya yi ta ya tashi ba ta sake komo masa, saboda haka a ƙasar Sin da Indiya da daular Turkawa da sassa da yawa na Afirka aka riƙa ɗibar ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, don ya yi ta da sauƙi ya huta da ita. Wani bawa ɗan Afirka ne ma, da aka laƙaba wa suna Onesimus, ya bayyana wa ubangidansa wannan dabara a birnin Boston na Amurka, aka kuwa yi aiki da ita a annobar 1721. Fulani makiyaya su ma suna da irin tasu game da ciwon huhu na shanu, inda sukan yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon ya kashe, su tsaga doron hancin lafiyayyu su cusa musu. Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ɗauka rigakafi baƙon abu ne da Bature ya zo da shi a jaka. Asalin hikimar kakanninmu sun san ta, sai dai tana da aibi babba, domin cutar ce ake bai wa mutum da cikakken ƙarfinta, wani ya mutu a kanta, wani ya shafa wa maƙwabtansa.

Wanda ya fara raba amfanin da haɗarin shi ne Edward Jenner, wani likitan ƙauye a Ingila, wanda ya ji ana cewa mata masu tatsar nono, idan suka ɗauki wani ƙurji mara tsanani daga hantsar saniya, agana ba ta kama su. Maimakon ya bar zancen a matsayin camfin ƙauye, sai ya sa shi a mizanin jarrabawa: a 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin daga hannun wata mai tatsa ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8, bayan makonni ya gwada shi da aganar gaske, ba ta kama shi ba. Kalmar da Turawa suke kiran allurar rigakafi da ita har gobe daga sunan saniya ta samo asali a harshen Latin, kuma ya isa abin lura a ce wannan fanni tun daga tushensa saniya tana ciki.

Sirrin abin, kamar yadda aka fahimta daga baya, shi ne Allah Ya halicci jiki da dakarun tsaro a cikin jini, waɗanda ba su manta fuskar abokin gabar da suka taɓa gwabzawa da shi. Misalin rigakafi kamar a kama ɗan leƙen asirin maƙiya ne, a karɓe makamansa, a zaga da shi ƙofa-ƙofa sarakunan ƙofa su ƙare masa kallo, ta yadda ranar da rundunarsa ta taso za a shaida ta tun daga nesa a rufe ganuwa. Wahalar binciken duk tana wajen karɓe makaman nan, domin in an raunana ƙwayar cutar fiye da kima jiki ba zai kula da ita ba, in kuwa an bar ta da sauran ƙarfi sai maganin ya zama cuta. Louis Pasteur na Faransa shi ya mai da raunana ƙwayoyin cuta ilmi mai ƙa'ida, kuma da dabbobi ya fara: kwalarar kaji, sa'an nan ciwon saifa na tumaki da shanu a 1881, kafin ya kai ga haukan kare a 1885. Ita ma allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai, daga ƙwayar tarin shanu aka samo ta, bayan likita Calmette da likitan dabbobi Guérin sun shafe shekara 13 suna juya ta daga mazubi zuwa mazubi, sau 230, kafin a fara ba ɗan Adam a 1921.

Yanzu sai mu komo ga bushiya, wadda masana suka gano 'yar'uwar ƙyanda ce ta jini, har ana kyautata zaton ƙyandar daga irinta ta tsallako cikin mutane a zamanin da. Saniyar da ta kamu takan yi zazzaɓi mai zafi, idanu da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo ta kasa kiwo, sai gudawa ta biyo baya, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ta faɗi. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu masu ɗauke da ita ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, a gaɓar Bahar Maliya, daga nan ta bi hanyoyin fatake da makiyaya yamma da kudu, ba a yi shekara 5 ba ta ratsa ƙasar Chadi da Borno da daular Sakkwato, ta hallaka wajen 8 ko 9 daga cikin kowace saniya 10. A Habasha, inda da shanu ake huɗa, yunwar da ta biyo baya an ƙiyasta ta ci sulusin jama'ar ƙasar. A wajenmu kuwa an ruwaito cewa sunan da aka sa wa wannan annoba shi ne Sannu, don ba abin da ya rage a ce wa mai garke sai wannan kalma. Mutum ya kwana da shanu ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai, waɗansu suka zauce, waɗansu suka bar daji suka shiga gari neman abin sawa a baka. Wanda ya san matsayin saniya a zuciyar Bafulatani, cewa ita ce abincinsa da sadakinsa da gadon 'ya'yansa da mutuncinsa a tsakanin dangi, shi zai iya kwatanta girman wannan musiba.

Neman maganinta ya ɗauki shekara wajen 70, kuma kowane mataki sai da aka biya shi da dabbobi masu yawa. Da farko, a Afirka ta Kudu, Robert Koch na Jamus ya gwada yin allura da ruwan matsarmamar saniyar da ta mutu. Daga baya aka koma haɗa abu biyu a lokaci guda, watau jinin saniya mai cutar a gefe ɗaya, ruwan jinin wadda ta warke a ɗaya gefen, don na biyun ya rage kaifin na farkon. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Arnold Theiler, wanda ɗansa Max ya zo ya samar da allurar shawara a 1937, daga ƙwayar da aka ɗiba a jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi. Uba yana kan ciwon shanu, ɗa yana kan ciwon mutane, amma sana'ar guda ce. Don samar da wannan ruwan jini ne aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom, kusa da Jos, a 1924, shekarar da aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Faris, ita ma saboda tsoron bushiya. Hanyar tana da nauyi, domin sai an tara shanu a sansani kwana da kwanaki ana dubansu, waɗansu kuma su mutu saboda allurar kanta, ga shi makiyayi yana zargin duk inda aka ƙirga masa shanu jangali ne zai biyo baya, kuma ba za a ce zarginsa ba shi da dalili ba. Sa'an nan wani mai bincike a Indiya, J. T. Edwards, ya riƙa juya ƙwayar daga akuya zuwa akuya har ta saba da jikin akuya ta rage ƙarfi a kan saniya; wannan ta fi sauƙi da araha, amma ita ma takan kwantar da dabba, waɗansu irin shanu kuma, kamar muturu, ba su jure mata.

Wanda Allah Ya ba buɗin ƙarshe shi ne Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila, wanda ya yi ɗan zama a Vom cikin shekarun 1950 kafin ya koma cibiyar Muguga a Kenya. Shi bai juya ƙwayar a jikin dabba mai rai ba. A cikin kwalba ya raina ta, a kan ƙwayoyin halittar ƙodar maraƙi, yana ɗiba daga wannan kwalba yana zubawa a waccan, kimanin sau 90, yana gwada ta a kan shanu a kowane zango, har ta kai matsayin da ba ta cutar da saniya ko wace iri, ba ta yaɗuwa daga wadda aka yi wa zuwa wata, kuma allura ɗaya tana kare dabba iyakar rayuwarta. Babu wani abin ban mamaki a cikin aikin in ban da haƙuri da kiyaye lissafi, irin haƙurin mai rubuta Alƙur'ani da ka, wanda ba ya ƙosawa da bitar shafi. Da wannan allura a hannu aka ƙaddamar da gangamin haɗin gwiwa a 1962, aka fara da ƙasashen tafkin Chadi, Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ana bin kowane garke shekara 3 a jere ana huda kunnen wadda aka yi wa, kafin a rufe shi a 1976 ya game ƙasashe 22, an yi wa shanu sama da miliyan 70.

Sai aka yi sakaci. Da aka ga cutar ta ɓace aka ɗauka ta ƙare, kuɗin taimako ya tsaya, gwamnatoci suka bar yi wa maruƙan da ake haifa allura, alhali tana nan ɓoye a wurare biyu, tsakanin Mali da Muritaniya ta yamma, da kudancin Sudan da Habasha ta gabas. A farkon shekarun 1980 ta taso mana ta fuska biyu, ta iske garkunan da aka haifa bayan gangamin ba su da kariya, a 1983 ta yi ɓarnar da dattawan makiyaya suke tunawa har yau, dubban ɗaruruwan shanu suka mutu a Nijeriya, aka ƙiyasta asarar da kimanin dala biliyan 2. A ganina wannan babin ya fi na Plowright cancantar a karantar da shi ga masu mulki, domin allurar ba ta gaza ba, mutane ne suka ajiye ta kafin aikin ya kammala.

Gyaran da aka yi bayan haka ya nuna wani reshe na bincike da ba a cika yaba masa ba. Allurar Plowright ba ta jure zafi, dole sai cikin ƙanƙara daga ɗakin da aka yi ta har zuwa gindin saniya, wuraren da cutar ta maƙale kuwa ba hanyar mota, ba lantarki, wani wurin ma yaƙi ake yi. Wani mai bincike ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gyara hanyar busar da ita har ta iya yin kwana 30 ba firiji. Da haka ta yiwu a koya wa makiyayan kansu yin allurar, su ɗauke ta a ƙafa ko a kan raƙumi su kai inda ma'aikaci ba ya zuwa, aka kuma koma tambayar makiyayi inda ya ga alamun cutar, aka tarar saninsa ya fi na takardun ofis daidai. An ga bushiya gani na ƙarshe a 2001, a jikin ɓauna a wani gandun daji na Kenya. Plowright ya rasu a 2010, saura shekara guda a yi shela. Irin wannan dabara ta bin cuta inda take ita ce ta gama da agana, kuma a gabashin Nijeriya likita William Foege ya fara gwada ta a ƙarshen 1966, sa'ad da allura ta yi masa ƙaranci, ya zaɓi yi wa waɗanda suke kewaye da mara lafiya kaɗai, ya ga annobar ta mutu a wurin.

Wani zai ce, ina matsayin tawakkali a cikin wannan duka? Malamanmu sun daɗe da warware mas'alar. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gama su da lafiyayyu a mashaya. Kuma da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda labarin annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wanda in babu mai yinsa a gari kowa ya yi laifi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma da kansa ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna.

Inda maganar take da nauyi shi ne amana. Ƙa'idar bincike a yau ita ce ba a kai allura ga jama'a sai ta wuce matakai: a gwada ta a ɗakin bincike da jikin dabbobi, sa'an nan a kan mutane 'yan kaɗan da suka yarda da kansu don a ga ko tana da illa, sa'an nan ɗaruruwa, sa'an nan dubbai, a ƙarshe hukumar ƙasa, irin NAFDAC a Nijeriya, ta duba hujjojin kafin ta ba da izini, kuma sharaɗi ne a kowane mataki a gaya wa mutum gaskiyar abin da za a yi masa da harshen da yake ji. Mutanen Kano sun san abin da yakan faru in an yi wasa da wannan sharaɗi. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe wajen 20, aka yi ta fama har 2020 kafin a tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta. Sanƙarau ɗin kuwa, da aka bi hanyar da ta dace, an samu allura da aka ƙera musamman don ƙasashenmu na bakin Sahara, a kan kuɗin da bai kai rabin dala ba, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, nau'in da yake kawo manyan annobobin nan ya kusa ɓacewa; a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara aiki da sabuwa mai kare nau'i 5.

Aikin da ya rage yana da yawa, kuma mafi yawansa a kan iyakar mutum da dabba yake, tun da masana sun ƙiyasta kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da suke kama ɗan Adam da dabbobi muke tarayya a cikinsu. Zazzaɓin Lassa, wanda ya ɗauki sunan wani gari a Borno inda aka fara gane shi a 1969, daga ɓera yake zuwa, kuma yanzu ake kan gwajin allurarsa a Afirka ta Yamma. Haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, da yawansu yara, alhali in an yi wa karnuka 7 cikin 10 allura cutar takan yanke, kamar yadda aka gani a Njamena a 2012 da 2013. Ƙyamar da muke yi wa kare ba za ta hana shi cizon ɗanmu ba, gara a kama shi a yi masa.

Wadda ta fi kusa da hannu kuwa ita ce ƙanwar bushiya, annobar awaki da tumaki, mai sa su majina da gyambon baki da gudawa, wadda takan share turken mace cikin mako guda, ta tafi da kuɗin kayan ɗakin 'yarta da ragon layyar gidan. Ƙwayar da aka raunana aka yi allurar da yawancin ƙasashen Afirka suke amfani da ita, a Nijeriya aka ɗebe ta a 1975, har sunan ƙasar take ɗauke da shi. Masani ɗan Afirka ta Yamma, Adama Diallo, da abokan aikinsa suka raunana ta. Ana kuma yin ta a Vom da Garwa ta Kamaru da wasu ɗakunan bincike na nahiyar. Duniya ta sa wa kanta 2030 don gamawa da wannan cuta. Ina kira ga hukumomi su riƙe ɗakunan binciken nan da kuɗi da wuta da ma'aikata, kada a maimaita sakacin da ya komo mana da bushiya. Ina kira ga ɗalibanmu kada su raina karatun likitan dabbobi. Ina kuma roƙon iyayenmu mata da 'yan'uwa makiyaya, ranar da malamin dabbobi ya iso unguwa ko ruga, a fito da awaki da tumaki gaba ɗaya, kada a ɓoye ko ɗaya a bayan ɗaki, domin allura guda tana kare akuya aƙalla shekara 3.